Turaren Inna Yakura

Duk wanda ya taɓa kai ordinatar, wato kwamfuta, gyara a Magaria ya san Illa, ya kuma san bakinsa. Shagonsa yana kan hanyar tasha, a matse tsakanin mai walda da mai sayar da katin waya, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Kafin Illa ya gyara maka na'ura sai ya fara gyara maka zama. Zai sa turnabis ya kwance murfin, ya leƙa ciki, ya yi tsaki, sannan ya ɗago ya dube ka.

"A rumbu kake ajiye ta?"

Haka yake tambayar kowa, ba ruwansa da ko kai diraktan lekol ne mai riƙe da makaranta ko sakataren meri, ofishin magajin gari. In ka ce a'a, sai ya zaro ɓawon gyaɗa daga cikinta ya ɗora maka a tafin hannu. Ya taɓa fitar da gidan zanzaro daga ta wani likita, ya taɓa samun ƙwan ƙadangare a ta wani mai ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya zo bayansu sai ya ji labarin ko bai tambaya ba. Mutane suna fita ransu a ɓace, suna cewa ba za su ƙara taka shagon ba. Suna dawowa kuwa, don abin da Illa ya gyara ya gyaru.

Mutumin Sassumbrum ne, ɗan manomi. Bai yi nisa a lekol ba, gona ma babansa ya gaji da tura shi, don kullum a gindin gawo ake iske shi yana kwance rediyon wani. Aka kai shi Damagaram wurin Malam Abdulwahabu mai gyaran rediyo da talabijin. Da ofisoshi suka fara cika da na'urori maigidan ya koyi gyaransu, shi ma ya koya a bayansa, da hannunsa ya faɗa sai ya dawo Magaria ya buɗe nasa.

Karatunsa ga masu na'ura bai canza ba tun daga ranar. Na'ura numfashi take yi, in ji shi, akwai fanka a cikinta da ke jan iska tana fitar da zafi. Kar a manna ta da bango, kar a lulluɓe ta tana aiki. Abin da ke cikinta kuwa, in kana son abinka ka kwafe shi wani wuri tun tana da lafiya, don diskin da ke riƙe da komai ba ya sallama in zai mutu. Ya faɗa har ya gaji, da kyar a samu wanda ya ji.

Mutum ɗaya ce tak bakin Illa ke mutuwa a gabanta, Inna Yakura ta Dogo-Dogo, mahaifiyar matarsa Aziza. Ba don tana da faɗa ba, suruka ce kawai. Tun da aka ɗaura aurensa bai taɓa kallon fuskarta da kyau ba. In ya je gaisuwa a zaure yake tsayawa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ita kuma ta amsa daga bayan asabari. Ba ya cin abinci a gidan, ba ya ɗaga murya. Ita ma ba ta kama sunansa, "maigidan Aziza" take cewa. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai an sami mai ɗauka, mai ɗaukar kuwa ƙaninta ne Kawu Wada, dattijo mai son zaman lafiya fiye da kima. In ka ba shi magana da zafinta, kafin ya kai ta tsakar gida ya fifita ta ta huce.

Mijinta, marigayi Maina, ma'aikacin wani gidan rediyon karkara ne a Dungass. Shirin manoma yake yi. Yakan hau moto, wato babur, ya bi ƙauyuka da abin ɗaukar magana, ya zauna da tsofaffi su yi hirar irin gero da na wake da shekarun da ruwa ya ƙi, ya dawo gida ya haɗa shirin a ordinatarsa. Tsohuwar na'ura ce, ta hannu ya saye ta, irin mai akwati daban da allo daban, pano ɗaya na hasken rana a kan rufi da batir suke riƙe da ita. Da ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, aka je gidan rediyo neman shirye-shiryensa, aka tarar sun daɗe da goge tsofaffi don su sami wurin sababbi. Muryar Maina ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a cikin wannan akwatin.

Da aka zo rabon gado Inna Yakura ba ta yi magana a kan gona ko awaki ba. Na'urar kaɗai ta ce a bar mata.

To, Inna Yakura Babarbariya ce, kuma a haɗa turaren wuta ba ta da na biyu a Dogo-Dogo. Amare daga Dungass ake aiko mata. Da itacen ƙamshi take haɗawa, da ƙaro, da turaruka, da sukari da take narkawa har ya yi danƙo. Duk zamansu da Maina, kowace Juma'a da safe takan kifa kwando a kan kasko ta shimfiɗa rigarsa a kai, har mutane kan san ya shigo masallaci kafin su waiwaya. Riguna an rabar, mai rigunan ya tafi, amma Juma'a ba ta daina zuwa ba. Sai ta ɗinka wa na'urar mayafi na karan-miski mai kauri, ta ɗora ta a ɗan tebur a lungun gado. In Juma'a ta yi takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta tura shi ƙarƙashin teburin, ta saki mayafin har ƙasa don kar hayaƙi ya tafi a banza. Sannan ta danna wuraren da Aziza ta nuna mata, ta zauna a bakin gado tana sauraron mijinta.

Ba a rufa shekara ba na'urar ta fara ɗaukewa da kanta. Maina yana cikin magana sai ta yi shiru. Aka aika wa maigidan Aziza.

Illa ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan moto ya kama hanya, ya sha yashi har ya isa. Ɗakin suruka ba wurin shigarsa ba ne, don haka Kawu Wada ya rungumo akwatin ya kawo zaure, aka jawo wayar wuta daga ciki. Yana ɗaga murfin ƙamshi ya doke shi har sai da ya kau da kai. Fankar ta zama ruwan ƙasa, ya taɓa ta da yatsa, yatsan ya manne. Duk wata kafa da iska ke bi ta toshe da danƙo da gashin mayafi. Da wani ne ya kawo masa wannan a shago, da mai walda ma sai ya ajiye aiki ya zo kallo. A nan kuwa haɗiye maganarsa ya yi, ya fito da tsohon buroshin haƙori da kwalbar alkol. Ya wanke fukafukan fankar ɗaya bayan ɗaya, ya kankare ƙarfen da ke shan zafi, ya shafa sabon mai a kan ƙwaƙwalwar, ya mayar da komai. Sai bayan azahar ya gama.

Ya kunna don gwaji. Muryar Maina ta cika zauren, yana bayanin yadda ake ajiye wake kar ƙwari su ci. Can sai ya tsaya, aka ji ya yi gyaran murya.

"Uwargida, rage mana hayaƙin nan mana, kar in yi tari mutanen Dungass su ji."

Aka ji dariyar mace daga nesa, shi ma ya yi dariya, ya ci gaba da maganar wake. Wannan bai shiga rediyo ba, a na'urar kawai ya tsaya. A cikin gida wadda ke daka ta tsayar da taɓarya. Kawu Wada ya share ido da hannun riga ya ce wurin nan Inna ta fi so, shi take ta maimaitawa.

Illa ya ji tausayi, amma haushi ya fi yawa. Ga shi mai abin ma da bakinsa ya faɗa.

"Kawu," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "don Allah a gaya wa Inna hayaƙin nan shi ke kashe ta. A daina sa kasko a ƙarƙashinta, a cire mayafin in an kunna. In ba haka ba wata rana za ta tafi da duk abin da ke ciki."

"To, to, madalla," in ji Kawu Wada, ya shiga ciki.

Katangar zauren ba ta da kauri, Illa yana jin komai. "Ya ce an gama, Yaya. Ya ce kai, turarenki akwai ƙarfi, har cikin ƙarfe ya ratsa."

"Allah ya yi mishi albarka," in ji ta.

Kawu Wada ya fito da kwalba cike da turaren, ya ce a kai wa Aziza. Illa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. A hanya ya yi ta faɗa shi kaɗai, har wani mai amalanke ya tsaya yana kallonsa.

A gida ya sauke wa Aziza. Ta bari sai da ya gama, sannan ta ce, "Baban Amira, ka sa kanka a matsayina. In buɗe baki in ce mata turarenta ne ke kashe muryar Baba? Abin da ya rage mata ke nan da take yi mishi."

"Ke 'yarta ce. Ni in na faɗa rashin kunya ne, ke in kin faɗa magana ce."

Ta yi alkawari za ta faɗa. Ta kira a waya yana zaune, suka gaisa, suka yi maganar 'yan uwa da ta awaki, can a ƙarshe ta ce, "Inna, wai a ɗan riƙa rage garwashin." Inna ta ce to. Illa ya tashi ya fita, don in ya zauna zai faɗi abin da zai zo yana ba da haƙuri a kai.

Da ya ga hayaƙi ya fi ƙarfinsa sai ya koma ta wata hanya. In ba za a ceci akwatin ba, a ceci muryar. Ya sayi kile sabo, ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwafar kaya a ciki, ya ba Aziza da za ta je gida da sallah. Ya yi mata bayani dalla-dalla: ba a cire komai, ba a rage komai, na ciki yana nan, sai dai a sami na biyu a ajiye. Ta dawo da kilen a ƙullin zaninta yadda ta tafi da shi.

Inna ta ƙi. Ta ce tana gani da idonta yadda ake yi da muryoyin mutane yanzu, daga wannan waya zuwa waccan, har a teburin mai shayi ana kunna wanda ya daɗe a kabari ana shewa. Ta ce muryar mijinta ba za ta yi yawo a aljihun kowa ba, balle akwai dariyarta a ciki, akwai maganar cikin gida. Aziza ta ce ai a hannun maigidanta zai zauna. Inna ta ce aljihu aljihu ne, yana hujewa.

Ba ta tsaya nan ba. Da na'urar ta sake ɗaukewa Illa ya sake zuwa, kafin ya taɓa turnabis Kawu Wada ya zauna a gabansa ya gyara hula. Wannan saƙon kam bai fifita shi ba.

"Ta ce in gaya maka amana ce. Ka gyara, amma kar a fitar da komai daga ciki. Ta ce tana so ta ji ka ɗauka."

Illa ya san tana tsaye a bayan asabari, yana ganin inuwar ƙafarta. Me zai ce? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɗauka."

Daga nan abin ya zama masa ciwo. Duk 'yan watanni sai an kira shi, kuma duk zuwa abu ɗaya yake tararwa. Ya yi duk dabarar da ya sani. Ya ƙara fanka ta biyu, ita ma ta manne. Ya huda murfin gefe don iska, hayaƙi ya sami sabuwar ƙofa. Ya yanko gidan sauro ya liƙa a kan kafofin, ya dawo ya tarar ya zama kamar fatar ganga. Rannan da abin ya ishe shi sai ya ɗaga murya yana yi wa na'urar faɗa, don na ciki su ji.

"Ke ma kin cika haƙuri. Ana shaƙa miki hayaƙi, ana lulluɓe ki da bargo a wannan zafi, ba dole ki suma ba? Wata rana in kin suma ba za ki tashi ba."

Jim kaɗan aka kira Kawu Wada, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ta ce mai ita shekara nawa yana shaƙa, ba shi ya kashe shi ba."

Illa ya ɗaure kayansa. Mutumin da ya sa diraktoci sunkuyar da kai yau tsohuwa ta bayan asabari ta ka da shi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Bayan an cire amfanin gona aka sake kiransa. Wannan karon da ya wanke ya kunna, sai kunnensa ya kama wani abu a ƙarƙashin ƙarar fanka: ƙwas, ƙwas, a tsaya, a sake. Ya san wannan ƙarar, diski ne ke ciwon ajali. Zafin da ya sha da ɗaukewar da ya yi ta yi yana cikin aiki sun cim masa.

"Kawu, tun yaushe take wannan?"

"Ta kwana biyu. Yaya ma ta ji, ta tambaye ni ko ƙwaro ne ya shiga."

"Ba ƙwaro ba ne. A gaya mata ta kusa. Wallahi ta kusa."

Kawu Wada ya shiga, ya ɗan jima, maganarsu ƙasa-ƙasa har Illa bai ji ba. Ya fito da sandarsa ya ce an aike shi can bakin kasuwa sayen gawayi, yanzu zai dawo. Ya fita. A cikin gida aka ji an kora yara waje, sannan aka ji an rufe ƙofar ɗaki.

Illa ya rage shi kaɗai a zaure, shi da na'ura a kunne. Kilen yana aljihun gaban rigarsa, tun ranar da Aziza ta dawo da shi bai fitar ba. Ya zaro shi, ya cire masa hula. Ramin da ake soka shi yana nan a gabansa, ko tashi ba sai ya yi ba. Kafin Kawu ya je kasuwa ya gaisa da duk wanda ya gani ya dawo, an gama an manta. Ba wanda zai sani. Ya ce a ransa ai taimakonta zai yi, ai don ita ne. Ya kai hannu har ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Sai ya tuna inuwar ƙafar nan a bayan asabari, da bakinsa da ya ce ya ɗauka. Shi da mutane ke kawo wa na'urorinsu da asirinsu a ciki, bai taɓa buɗe abin da ba a ce ya buɗe ba, yau a kan uwar matarsa zai fara? In ta tambaye shi wata rana, ƙarya zai yi mata ko me? Ya janye hannu. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Diskin yana ta ƙwas, ƙwas, Maina yana ta bayanin takin gargajiya. Kawu Wada ya daɗe ƙwarai, har Illa ya fara jin haushinsa shi ma, da ya dawo da wuri ai da an huta. A ƙarshe ya mayar wa kilen hularsa, ya jefa a aljihu, ya kashe na'urar.

Da Kawu ya dawo da ɗan ƙullin gawayin da bai kai a aiki dattijo ba, ya dubi Illa, ya dubi akwatin, ya ce, "An gama komai da komai?"

"An gama," in ji Illa a taƙaice. Ranar ko faɗan hanya bai iya yi ba.

Ba a daɗe ba Aziza ta same shi a shago, abin da ba ta saba ba. Ta ce Inna ta kunna ranar Juma'a, allo ya kawo baƙi da 'yan rubutu, ba murya. Ta ce Inna ta ce ya zo ya ɗauka, ya kai duk inda ake kaiwa.

Yanzu aka yarda ta fita daga gidan, yanzu da ba ta da amfani. Illa ya cire diskin ya gwada shi a na'urori uku a shagonsa, ba wadda ta gan shi. Ya naɗe shi a tsumma ya kai Damagaram wurin Malam Abdulwahabu, tsohon ya kara a kunne ya girgiza kai. Ya tsallaka Kano wurin masu buɗe diski, suka buɗe a gabansa suka nuna masa faifan, allurar ta karce shi zobe-zobe. Suka ce ko wa ya kai wa, sai dai ya ci kuɗinsa. Ya tambaya ko da guntu ɗaya, ko da na minti ɗaya. Suka ce ya yi haƙuri.

Ya koma Dogo-Dogo da hantsi, ya zauna a zaure, ya faɗa wa Kawu Wada yadda ake ciki. Dattijon ya cire hula ya mayar. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai sami gefen da za a kama ta ba zafi ba.

"Wannan ban san yadda zan kai ta ba," ya ce.

Ba sai ya kai ba. Asabarin ya motsa, aka ji Inna ta zauna a bayansa, dab da ƙofa.

"Illa."

Tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya gyara durƙuso ya ce, "Na'am, Inna."

"Na ji abin da ka ce. Ba sai an maimaita ba." Ta ci gaba a hankali. "Ran da ka zo na ƙarshe, da na aiki Wada kasuwa. Muna da gawayi a gidan nan, buhu guda."

Illa ya ɗago kai ya dubi Kawu Wada. Dattijon ya kau da fuska.

"Na ji ƙarar nan, na ji tsoro," ta ce. "Ni na sa ka ɗauki amana a gaban ƙanina, ban san da bakin da zan ce na janye ba. Na ce bari in ba ka wuri. Ku yaran zamani ba ku cika jin magana ba." Muryarta ta ɗan karye. "Ɗan abin nan naka na aljihu. Ka sa a ciki?"

Yana jin kilen a ƙirjinsa ta cikin riga. Duk maganganun da ya tara a hanyar nan mai yashi, duk faɗan da ya yi wa iska da masu amalanke, suka dawo masa lokaci guda. Ya so ya ce ai da kin faɗa, kalma ɗaya ta isa. Ya so ya ce shi ma da ya tambaya. Baƙin ciki ya cika shi, na ita da na kansa, har bai san wanda ya fi jin haushi ba a cikinsu.

"Ban sa ba, Inna," ya ce. "Kin ce amana ce."

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Haka na ce," in ji ta. "Haka na ce. Allah ya yi maka albarka."

Bai iya cewa amin da ƙarfi ba. Ya jawo akwatin, ya warware tsumman, ya mayar da mataccen diskin mazauninsa. Ya haɗa masa wayoyinsa kamar mai shirin aiki, ya ɗaure kowane kusa, ya goge murfin da hannun rigarsa. Kawu Wada ya sunkuya zai ɗauka, sai ta sake magana.

"Yanzu in na turara ta, akwai abin da zai same ta?"

"Babu, Inna. Yanzu ba abin da zai same ta."

Kawu Wada ya rungumi akwatin ya shige da shi. Illa ya tattara buroshinsa da kwalbar alkol da bai ko buɗe ba, ya sa takalmi ya fita. Ranar ba Juma'a ba ce, amma bai gama ɗaure jakarsa a bayan moto ba ƙamshin ya iske shi a ƙofar gida.